Muna yawan cewa Alhamdulillahi, to ina kwanon maƙwabta ya shiga?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau na ce bari in kawo ta nan a tattauna. Ka tambayi mutum ya gari, zai ce mun gode Allah. Ya iyali? Alhamdulillahi. Ya kasuwa? Sai godiya. Amma da muna yara a cikin birnin Kano, magariba na yi za ka ga yara ɗauke da kwanuka, su shiga wannan gida su fita wancan. Maza su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a fito wa kowa da tuwonsa, a haɗa a ci tare. Wanda ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai zauna ya ƙoshi, ba wanda zai gane. Yau ina ciyayya? Ina kwanon maƙwabta? Ni dai a ganina godiyarmu ta tsaya a fatar baki. Wanda ya gode wa Allah da gaske, ai maƙwabcinsa zai gani a ƙasa. Me kuka gani?

Ɗan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka, amma zan saɓa maka. Zukata suna nan yadda suke, aljihu ne ya bushe. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kuɗin mota ya tashi, niƙa ya tashi, gawayi ya tashi, komai ya bi. Ni a kasuwa nake, ina ganin magidanci ya zo ya auni rabin kwanon masara, kuma mutum tara ne ke jiransa a gida. Wannan me zai zuba a kwanon maƙwabci? Kada mu ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba.

Ummu_Sadiq:
Ɗan_Kurmi, to iyayenmu masu kuɗi ne? Mahaifiyata a zaman gidan haya ta raine mu, tuwon dawa da miyar kuka, wani lokacin ko daddawar kirki babu. Amma ban taɓa ganin ta sauke tukunya ba ta ɗebi malmala biyu ta ce a miƙa wa tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe ba. Ba rarar abinci ba ne, daga namu take ragewa. Idan muka yi ƙorafi sai ta ce ku da kuke da mai dafa muku, ku gode Allah. Talauci ya ƙaru, ban musa ba. Amma rowa ma ta ƙaru, a faɗi gaskiya.

Malam_NaZaure:
Allah ya saka wa Baban Khalifa da alheri da ya taɓo wannan. Malamai sun kasa godiya gida uku: ta zuciya, ta harshe, da ta gaɓoɓi. Ta zuciya ita ce ka sakankance cewa ni'imar daga Allah take, ba wayonka ba. Ta harshe ita ce wadda muka fi ƙwarewa a kai. Ta gaɓoɓi kuwa ita ce ka yi aiki da ni'imar ta hanyar da Mai bayarwa yake so. A Suratu Saba'i aya ta 13 Allah ya umarci iyalan Annabi Dawuda da su aikata godiya, sannan ya ce kaɗan ne daga bayinsa masu yawan godiya. Ku duba ƙarshen Suratud Duha kuma. Bayan Allah ya tuna wa Manzonsa (SAW) cewa ya same shi maraya ya ba shi mafaka, ya same shi mabuƙaci ya wadata shi, abin da ya biyo baya shi ne kada ka danne maraya, kada ka kyari mai tambaya. Kowace ni'ima da aikin da ke biye da ita.

Game da maganar Ɗan_Kurmi, akwai hadisi a Muslim inda Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa, ya kula da maƙwabtansa. Bai ce ya ƙaro nama ba, ruwa ya ce. Wannan wasiyya ce ga marar ƙarfi.

Ɗan_Kurmi:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi hadisi hannu bibbiyu. Amma sai da romon a tukunya ake ƙara masa ruwa.

Na_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni daga Zinder nake bin ku. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin yunwar 1984, shekarar da ruwa bai sauka ba, dabbobi suka ƙare, iyaka kuma tana rufe. Kakata ta ce a wannan shekarar ne ta ga mutane na raba dusa tsakaninsu da ludayi, kuma ba ta taɓa ganin zumunci ya yi ƙarfi irin na lokacin ba. Saboda haka ni ban yarda cewa babu ce take kashe kyauta ba. Mu nan matsalarmu ta kullum ruwa ce. Lokacin zafi famfo yakan yi kwanaki bai kawo ba. Akwai wata hajiya a unguwarmu da ta yi tanki, idan ruwa ya zo cikin dare ta cika, da safe ta buɗe ƙofa mata su ɗiba. Ba ta karɓar ko dala. Wannan kaɗai ya sa ko yaron unguwar ba ya wuce gidanta bai gaishe ta ba.

Bakatsine_77:
Ni tsorona da irin wannan magana ɗaya ne. An daɗe ana amfani da kalmar godiya ana rufe wa talaka baki. Ma'aikaci ya yi watanni ba albashi, ya yi magana, a ce ka gode Allah kana da aiki. 'Yan bindiga su kori ƙauye guda, a ce ku gode Allah kun tsira da rai. Mu da muke wannan yanki mun ji wannan har mun gaji. Yanzu kuma za a ce mu ne za mu ciyar da juna, waɗanda amanar ke wuyansu su koma gefe?

Malam_NaZaure:
Bakatsine, maganarka tana da nauyi, kuma Allah ya kawo muku zaman lafiya. Godiya ga Allah ba ta taɓa nufin yin shiru a kan zalunci ba. Haƙƙinka haƙƙinka ne, ka nema ta hanyar da ta dace. Wanda ya danne haƙƙin mutane sannan ya ce su gode Allah, shi ne ya fi kowa buƙatar a yi masa wa'azin godiya, domin shi aka ba mulki ko dukiya ya kasa sauke nauyinsu. Amma gazawarsa ba ta ɗauke maka haƙƙin maƙwabtaka ba. Kowa da tambayar da za a yi masa.

Bakatsine_77:
Haka ne Malam. Kuma gaskiya a garinmu waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, talakawa ne suka fara buɗe musu zaure da kangon gida, tun kafin wani babba ya leƙo.

Yerwa_Boy:
Wannan gaskiya ne ɗari bisa ɗari. Daren 10 ga Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri, mun fita da kayan jikinmu kawai. Wanda ya karɓe mu mai gyaran babur ne a wata unguwa da ruwan bai kai ba. Ɗaki biyu gare shi. Ya kwashe 'ya'yansa maza suka koma shago, ya bar wa mahaifiyata da ƙannena ɗaki. Matarsa ta riƙa dama kunu da babbar tukunya tana aikawa har bakin titi. Ba danginmu ba ne, yayana ne kawai yake kai masa gyara. Tun lokacin idan na kwanta a katifa busasshiya, Alhamdulillahin da nake faɗa daban ce da ta da. Baba, kwanon bai ɓace ba. Da masifa ta zo ya fito.

Baban_Khalifa:
Allah ya mayar muku da alheri, ɗana, ya saka wa wannan bawan Allah. Amma ka ga abin da nake faɗa ke nan. Sai ruwa ya ci gari za mu tuna da juna? Ranar da babu ambaliya fa, ranar Talata ta yau da gobe?

Injiniya_Abba:
Baba, akwai abin da ba a ambata ba, shi ne yadda muke gini yanzu. Gidan da yana da zaure, zaure kuwa na kowa ne. Baƙo ya sauka, almajiri ya fake, maƙwabci ya zauna. A ƙofar gida akwai dakali da randar ruwa da moɗa a kai. Yanzu a sababbin unguwanni katanga ce mai tsawo, ƙyauren ƙarfe, wani har da waya a sama. Mutum ya shigo da mota, a rufe. Mai haya kuma shekara biyu ya tashi. Ta ina yaro zai shiga da kwano? Kuma ba zan zargi mutane ba, tsoron sata da garkuwa ne ya jawo. Idan abokan aiki suka kawo mini zanen gida, nakan roƙe su su bar ko famfo ɗaya a waje. Masu rijiyar burtsatse da yawa suna yi, Allah ya ba su lada.

Gimbiyar_Fagge:
Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sadakar kyamara. A tara zawarawa da marayu a rana, a ba kowa taliya biyu, a sa su ɗaga sama, a ɗauka a watsa a Facebook da TikTok. Wata baiwar Allah da na sani ta je karɓar irin wannan tallafi da azumi, washegari hotonta ya kai ga dangin mijinta marigayi. Ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ta ce da ta sani da ta kwana da yunwarta. Wannan godiya ce ko talla?

Anti_Sadiya:
Ƙanwata, na ji zafin maganarki, amma bari ki ji ta ɓangarenmu. Mu 'yan ƙaramar ƙungiya ce da muke tara wa marasa lafiya kuɗin magani. Idan ba mu nuna komai ba, washegari za a ce mun cinye. Kuma wallahi idan aka sa hoto, taimako yana shigowa fiye da idan rubutu ne kawai. Mutane sun sha cuta, ba su yarda sai sun gani.

Gimbiyar_Fagge:
Anti, a nuna rasit ɗin asibiti mana, a nuna buhunan. Fuskar mutum fa? Talauci bai cire masa mutunci ba.

Malam_NaZaure:
Ku biyun kowa na da hujja. Aya ta 271 a Baƙara ta ce idan kun bayyana sadaka to madalla, idan kuma kun ɓoye kun kai wa mabuƙata shi ya fi muku alheri. Amma kafin ita, aya ta 264 ta yi gargaɗi kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa. Bayyanawa don wasu su yi koyi ko don kare kai daga zargi babu laifi. Tozarta mai karɓa kuwa cutarwa ce, ko da niyyar mai bayarwa tana da kyau.

Anti_Sadiya:
Mu dai yanzu ba ma sa fuska sai mai ita ya yarda, yara kuwa ba ma sawa sam.

Nas_Hauwa:
Ku zo asibiti ku ga ni'imar da ba ma lissafawa. Mutum ya tashi da safe ya yi fitsari da kansa, ya haɗiyi ruwa ba ciwo, ya taka zuwa masallaci. Akwai waɗanda suke biyan kuɗi mai yawa duk mako a wanke musu ƙoda. Kuma a ɗakin marasa lafiya ne nake ganin ciyayyar da Baba yake nema. Masu jinya da ba su taɓa sanin juna ba suna haɗa kwano, wannan ta riƙe wa waccan jariri ta je ta yi salla, wani ya sayo wa na gadon kusa ruwan zafi.

Ɗan_Kurmi, ga kyautar da ba ta buƙatar aljihu: jini. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan. Ga yara masu sikila da kullum ake nema musu. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, ɗibarta 'yan mintuna ne, namiji mai lafiya zai iya bayarwa duk bayan wata uku. Na sha ganin miji yana zagaye harabar asibiti da dare yana kiran waya, ba wanda ya zo. Idan Allah ya ba ka lafiya, wannan ma hanyar gode masa ce.

Direban_Sahu:
Anti Nas kin yi gaskiya. Mu ma a kan titi akwai namu. Tsohuwa ta tare ka, kuɗinta bai kai ba, ka ɗauke ta. Ɗalibai a rana, ka rage musu hanya. Mai gidan da ya ba ni mashin balas ɗinsa yake jira kullum, mai ya yi tsada, amma ban taɓa ganin ɗaukar tsohuwa ɗaya ya hana ni cika balas ba. Kuma kun tuna ɗan'uwanmu matashin nan a Kano da ya mayar da kusan naira miliyan 15 da wani fasinja ɗan Chadi ya manta a mashinsa a 2023? Ɗan talakawa ne. Wasu sun yi ta yi masa dariya, wai ya yi wauta. Ni ina ganin wadatar zuci ce, kuma ita ce asalin godiya.

Talatu_Wusasa:
Sannunku 'yan'uwa. Ni Kirista ce, kuma wannan magana ta shafe mu duka. A Linjilar Luka sura 17 akwai labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya ne kawai ya dawo ya yi godiya. Tun muna ƙanana ake karanta mana shi. A Zariya muka tashi, da Babbar Salla kwanukan nama ke cika gidanmu, da Kirsimeti mu kuma mu yi ta rabon shinkafa da cincin, kuma babanmu yakan kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka kajin don kowa ya ci hankali kwance. Yanzu a garuruwa da yawa unguwanni sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Duk sanda zuciyata ta karaya nakan tuna Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa lokacin da mahara suka afka wa yankin.

Ummu_Sadiq:
Allah ya saka wa wannan dattijo. Mama Talatu, irin wannan ba a dare ɗaya ake zama ba. Wanda ya saba buɗe ƙofarsa a ƙananan abubuwa shi ne zai iya buɗewa a ranar tsoro.

Mai_Shago_Tudu:
Ku yi haƙuri zan kawo abin da ba a son ji. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardar naira ta ɓace mutane na kwana a layin banki, na buɗe littafin bashi ga duk unguwa. Shinkafa, mai, sabulu, na ce ku ɗauka, idan abu ya daidaita ku kawo. Wasu sun biya, Allah ya yi musu albarka. Wasu har yau idan sun hango ni sai su canza hanya, su je wani shagon su saya da kuɗi a hannu. Akwai wanda na yi wa magana ya ce wai na cika son duniya. Jarina ya karye rabi. To ku gaya mini, da wace zuciya zan sake?

Gimbiyar_Fagge:
Kai, wannan da ciwo. Allah ya mayar maka da ninkinsa.

Malam_NaZaure:
Mai Shago, an cuce ka, kuma bashi ba ya faɗuwa don mai shi ya canza hanya. Annabi (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, don haka su ma suna cikin waɗanda Baban Khalifa yake magana a kai. Amma ka tuna Sayyidina Abubakar. Yana ciyar da Misɗahu ɗan'uwansa, sai ga Misɗahu cikin waɗanda suka yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, 'yar cikinsa. Ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana cewa su yafe su kau da kai, shin ba ku son Allah ya gafarta muku? Ya ce wallahi ina so, ya mayar masa da abin da yake ba shi. Ban ce ka sake buɗe littafi ga kowa da kowa ba, kasuwa tana da ƙa'idarta. Ka ware abin da za ka iya bayarwa kyauta ba ka jiran ya dawo, sauran ka riƙe jarinka.

Mai_Shago_Tudu:
Na ji Malam. Zuciya ce sai a hankali.

Manomin_Gummi:
A ƙauye abin bai mutu duka ba. Har yanzu idan mutum ya kwanta ciwo da damina ana yi masa gayya a nome gonarsa. Idan an yi girbi ba a hana mata da yara kala, haka roron gyaɗa. Zakkar hatsi dami ɗaya cikin goma ga noman ruwan sama idan ya kai nisabi, tun a gona ake fitarwa kafin a kai rumbu. Abin da ya rage mana ƙarfi shi ne gonakin nesa da ba sa nomuwa saboda tsaro. Wanda da yake fitar da zakka, yau shi ake ba. Nan kam maganar Ɗan_Kurmi tana da ƙamshin gaskiya.

Ɗan_Kurmi:
Yauwa. Ni ban ce kada a yi alheri ba. Cewa na yi kada a auna godiyar mutum da abin da ya fita daga tukunyarsa. Wani Alhamdulillahinsa da cikinsa babu komai ta fi ta mai rabon buhu. Amma maganar jini ta shige ni. Anti Nas, mai hawan jini yana iya bayarwa?

Nas_Hauwa:
Sai an auna ka tukuna. Kafin a ɗiba ana duba hawan jini da yawan jinin da nauyinka, a kuma tambaye ka magungunan da kake sha. Idan bai dace ba za su gaya maka, ba a ɗiba da ƙarfi. Ka ci abinci ka sha ruwa sosai kafin ka je.

Amaryar_Bana:
Don Allah ina da tambaya, tun ɗazu nake karantawa. Ni ina son aika wa maƙwabciyata abinci, mijinta ya rasu tana da yara huɗu. Amma maigidana ya ce abin da yake kawowa da ƙyar yake isar mu, kada in fara abin da ba zan iya ɗorewa ba. Ba mugu ba ne, lissafi yake yi. Idan na zuba mata daga rabona ba tare da ya sani ba, na yi laifi?

Ummu_Sadiq:
Ƙanwata, kada ki yi a ɓoye, ɓoyo shi ke kawo zargi a gidan aure. Ki zaunar da shi ki ce daga naki kason za ki rage, ko ranar Juma'a kawai. Kuma ba abinci kaɗai ba ne taimako. Ki yi wa 'yan matanta kitso, ki riƙe mata ƙaramin idan za ta fita aikatau.

Baban_Khalifa:
'Yata, ki gaya wa maigidan naki ya leƙa gidan da kansa ko sau ɗaya, ya gaishe da yaran. Sau da yawa mu maza ba ma ganin abin da ku mata kuke gani ta kan katanga.

Ɗan_Kurmi:
Ni kuma ina bayan mijin. Shi ya san abin da yake shigo masa. A bar shi ya yanke da kansa, kada a sa shi jin kunya.

Amaryar_Bana:
Na gode muku duka. Zan yi masa magana in ya dawo daga kasuwa, in sha Allah. Malam_NaZaure, idan ka shigo ina son jin ta bakinka kai ma.